Feshi ko Fartanya: Wanne Ya Dace da Lambun Gida?

Duk wanda ya taɓa kafa ɗan lambu a bayan ɗaki ko a kangon da ke jikin gidansa ya san cewa shuka ce mafi sauƙin aikin. Ruwa na sauka sau biyu ko uku, kafin kuɓewa ta yi ganye huɗu, sai ka ga fili ya yi kore shar da abin da ba kai ka shuka ba. A da can ba a tsayawa shawara, fartanya ake ɗauka. Yanzu kuwa kusan kowace kasuwar ƙauye tana da layin masu sayar da maganin ciyawa, a birni ma shagunansu na nan birjik, kuma da wuya ka shiga unguwa ka rasa mai injin feshi na goyo da za ka ara ko ka ɗauka haya. Abin da ya fara a manyan gonakin masara da shinkafa yau ga shi ya iso ƙofar gida.

Wannan ya raba kan masu lambu gida biyu. Wasu na ganin duƙawa da fartanya a wannan zamani wahalar da kai ce kawai, tunda Allah Ya kawo sauƙi. Wasu kuma na cewa wurin da yara ke wasa, kaji ke tono, uwargida ke tsinkar ganyen miya, bai kamata guba ta kusance shi ba ko da wasa. Kowane ɓangare yana da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba, shi ya sa ya kamata a saurari kowa kafin a yanke hukunci. Amma a lura, lambun gida ake magana a kai, wato ɗan filin da bai wuce taku goma ko ashirin ba, inda ake cakuɗa tumatir da attaruhu da alayyafo da yakuwa don tukunyar gidan. Gonar kadada biyar lissafinta daban ne.

Wace irin ciyawa?

Rabin gardamar tana tasowa ne saboda mutane biyu na cewa "ciyawa" alhali kowa da irin wadda ke damunsa. Akwai masu zuwa ta iri su mutu a shekararsu, kamar harƙiya, guɗe-guɗe, tuji, ƙarangiya da kashin yawo. Waɗannan ƙarfinsu a yawan 'ya'ya yake. In ka sare su suna ƙanana, rana ta doke su, an gama. In ka bari suka yi iri, to ka shuka wa kanka aikin shekaru masu zuwa. Yadda irin ciyawa ke daɗewa a ƙasa abin mamaki ne. A shekarar 1879 wani malamin tsirrai a jihar Mishigan ta Amurka, Wiliyam Bil, ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi, ana tono ɗaya lokaci bayan lokaci. Da aka tono wata a 2021, bayan shekara 142, an sami irin da ya tsira.

Akwai kuma masu zama a ƙarƙashin ƙasa, irin su jiji da wasu ke kira aya-aya, da kiri-kiri, da tofa. Ka sa hannu ka tumɓuke jiji, ganyen zai biyo ka salin-alin, ka ɗauka ka yi nasara. Tona da kyau ka gani: can ƙasa akwai wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe masu tauri, a jere, wani siririn zare kamar waya yana haɗa wannan da wancan. Muddin suna haɗe, ɗaya ne ko biyu ke tsira, sauran na barci. Da fartanya ta tsinke zaren, kowace ƙwallo sai ta farka ta fito da nata ganye. Shi ya sa mai lambu zai nome jiji ranar Asabar, ya dawo wata Asabar ya tarar ta fi da yawa. Kiri-kiri ma haka take, kowace gaɓa da ta faɗi a danshi sabuwar shuka ce. Tofa kuwa saiwarta mai tsini har dankali da rogo take hudawa.

Wanda ke fama da harƙiya da wanda ke fama da jiji ba matsala ɗaya suke ciki ba, don haka ba mamaki in maganarsu ta sha bamban.

Hujjar masu feshi

Abu na farko da masu feshi ke kawowa shi ne lokaci da ƙarfin jiki. Masu lambun gida a yau da yawansu ma'aikata ne, ko 'yan kasuwa, ko dattawan da suka ajiye aiki, ko matan aure da hidimar gida ta sha musu kai. Yaran da a da za a tura noman firi da maimai suna boko da safe, Islamiyya da yamma. Gayya ta zama tarihi a wurare da dama, ɗan ƙwadago kuma a tsakiyar damina sai ka bi layi, don kowa nemansa yake, kuɗinsa ma ba na wasa ba. Ita kuwa ciyawa ba ta jiran ranar hutu. Makonnin farko bayan tsiro ko dashe su ne masu hatsari, musamman ga albasa da karas da ba su da faɗin ganyen da za su yi wa ƙasa inuwa. In aka makara a wannan tsakanin, ko an nome daga baya amfanin ya riga ya tsumbure. Masu feshi suna cewa aikin da zai ci wa dattijo mai ciwon baya kwana biyu, injin goyo zai gama shi kafin a sauke shayi.

Na biyu shi ne batun ciyawa mai saiwa. Maganin nan gilifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara fitarwa kasuwa a 1974 da sunan Roundup, kuma yanzu kamfanoni da yawa ke sayarwa da sunaye daban-daban, yana shiga ta ganye ya bi jikin tsiron har saiwa. Ba ya nuna aikinsa nan take, sai bayan mako guda ko biyu za a ga ganye ya yi ɗorawa ya bushe, amma yana kaiwa inda fartanya ba ta kaiwa. Ga wanda ya sayi fili da tofa ko kiri-kiri suka mamaye, wannan babbar hujja ce, domin sara da hauya sau da yawa yaɗa su yake yi.

Na uku, sun ce ita ma fartanyar tana da nata laifin. Duk sarar da aka yi ana juyo irin da ke binne zuwa sama inda zai sami haske ya tsira. Tana datse saiwar tumatir da barkono in aka matsa kusa da gindi. Tana kuma barin ƙasa a kwance a sake, ruwan sama mai ƙarfi ya zo ya kwashe. A tsakiyar Agusta, lokacin marka, sai ka nome balasa ka jefar, washegari ka tarar ta sake kama ƙasa tana rayuwarta.

Na huɗu shi ne tsaro. Duhuwar ciyawa a jikin katanga maɓoyar macizai ce da kunamu, kuma sauro na samun wurin fakewa da rana. Mutanen yankin Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin kula da waɗanda maciji ya sara yake, sun san cewa manomi a bakin aikinsa yana cikin waɗanda kububuwa ta fi sara. Mai feshi yana tsaye ne, hannunsa nesa da ƙasa.

A ƙarshe suna cewa maganin da hukuma ta yi wa rajista, aka yi amfani da shi bisa ƙa'ida, ba shi ne matsala ba. Gilifoset yana toshe wata hanya ce da tsiro ke bi wajen haɗa sinadaran gina jikinsa, hanyar da jikin ɗan'adam da na dabba ba su da ita. In ya taɓa ƙasa kuma yakan manne mata, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su narkar da shi sannu a hankali. In wani ya yi ganganci, a cewarsu, shi za a tuhuma.

Hujjar masu fartanya

Su kuma waɗannan sun fara ne da tambaya: me za ka fesa wa, me za ka bari? A gonar masara zalla ana iya samun maganin da zai kashe ciyawa ya ƙyale masara. Lambun gida kuwa cakuɗe yake. Ga kuɓewa nan, ga alayyafo a gindinta, kabewa ta ratsa ta tsakiya, zogale da gwanda a gefe. Gilifoset ba ya tantancewa, duk koren da ya taɓa ya shiga uku. Maganin 2,4-D da ake fesa wa shinkafa da masara don kashe masu faɗin ganye, ɗan ƙurarsa kawai in iska ta ɗebo ya isa ya murɗe ganyen tumatir da kuɓewa su zama kamar an ƙona su da wuta. Ko injin da aka yi aiki da shi ba a wanke sosai ba yakan yi wannan ɓarna. Tsakanin kunya da kunya a lambun gida bai fi taku ɗaya ba, wani lokaci ma lambun maƙwabci katanga ce kawai ta raba. Rigima tsakanin maƙwabta a kan feshi ba sabon abu ba ne.

Sai batun lissafi. Lambu mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi kashi ɗaya ne cikin ɗari na kadada. In ana zuba kamar lita 4 na magani a kadada guda, to wannan lambu mililita 40 kawai yake buƙata, abin da bai kai cokalin cin abinci uku ba. Kwalbar da ake sayarwa kuwa lita guda ce, wato ninki 25 na buƙatarka. Ina sauran zai zauna? A bayan ƙofa, ko a kan katanga, ko a ɗakin girki kusa da galan ɗin mai. Wanda ba ya son sayen lita guda sai ya je wurin mai tsiyayawa a kasuwa, a zuba masa a robar ruwa ko ta lemo, babu suna, babu umarni, babu ranar lalacewa. "Alhaji, gwangwanin madara ɗaya a injin, in kana so ya ci sosai ka ƙara rabi." Iyakar bayanin da zai samu ke nan. Robar lemo mai ruwa a ciki a gidan da ke da yara ƙanana, kowa ya san inda wannan hanya take kaiwa.

Masu feshi sun ce a bi ƙa'ida. Masu fartanya suka ce a je a ga yadda ake feshin a zahiri. Yaro ne matashi da silifas da gajeren wando, injin yana yoyo a gadon bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Bakin injin ya toshe, ya cire ya sa a baki ya hura. Ya gama ya wanke injin a gindin rijiya, ya karɓi goro ko ƙosai da hannun da bai ga sabulu ba. Takardar jikin kwalbar da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan haruffa. Ƙa'idar da ke cikin takarda daban, abin da ke faruwa a tsakar gida daban, kuma da na biyun ne jikin mutane ke hulɗa.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Da yawa daga abin da ke fitowa da kansa a lambun Bahaushe abinci ne. Tafasa ana kwaɗonta da ƙuli-ƙuli. Lalo da karkashi miya ne. Gasaya da ruƙuɓu ana dafa su. A farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba, waɗannan ganyaye sun daɗe suna rufa wa gidaje asiri. Mace mai cirar ciyawa da hannu tana aiki ne da ido: wannan a tumɓuke, wannan a bar shi ya ƙara girma, wannan a zuba a ƙwarya don miyar dare. Sauran kuma, harƙiya da makamantanta, na akuya da tunkiya ne, a birni ma dami-dami ake sayar da su ga masu kiwo. Feshi yana haɗa abincin mutum da na dabba da ciyawar banza ya ƙone gaba ɗaya, ya kuma bar fargabar kada dabba ta kutsa ta ci wanda aka fesa.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ciyawa tana sabawa da magani. In aka dinga fesa iri ɗaya shekara da shekaru, 'yan tsirarun da suka jure su ne za su yi iri su cika wurin. An fara tabbatar da ciyawar da gilifoset ya daina kashewa a Ostireliya a 1996, ba a jima ba aka ga haka ga tuji a gonakin Malesiya, wato irin tujin nan da muke da shi. Har yau kuwa ba a ji ciyawar da ta gagari kaifin ƙarfe ba in an same ta tana ƙarama.

Inda kowane ɓangare ya zarce

Gaskiya ɗaya da masu fartanya ba sa son ji ita ce magungunan ciyawa ba duka suka zama ɗaya ba. Farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, mai ƙona ganye cikin yini guda, guba ne na gaske. Kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024. Atarazin, wanda manoman masara suka saba da shi, matsalarsa daɗewa a ƙasa da gangarawa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ma NAFDAC ta sa farkon 2025 a matsayin ƙarshen wa'adinsa. Waɗannan biyu babu wata muhawara a kansu: ba su da wurin zama a gidan da ake kwana, balle kusa da rijiya.

Gilifoset kuwa maganarsa tana da sarƙaƙiya. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce bincikenta bai nuna haka ba in an bi ƙa'ida, Tarayyar Turai kuma a 2023 ta sabunta masa izini na shekara 10. A gefe guda, kamfanin Bayer na Jamus da ya sayi Monsanto a 2018 ya amince a 2020 zai biya kimanin dala biliyan 10 don sasanta ƙararrakin dubban mutane a Amurka da suka ce maganin ya jawo musu kansa, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda ya ce feshi ɗaya zai sa maka kansa ya wuce abin da aka tabbatar. Wanda kuma ya ce ruwa ne kawai, a yi wanka da shi ma ba komai, shi ma ya yi ƙarya.

Akwai darasi a matakin da Faransa ta ɗauka. Tun farkon 2019 ta hana masu lambun gida saye da ajiye magungunan feshi na sinadarai, alhali manomanta na ci gaba da amfani da waɗanda aka amince da su. Ma'ana ta bambanta gona da gida, ta kuma bambanta wanda aka horar da wanda ya saya kawai ya zo ya fesa. Wannan bambanci shi ne masu feshi a wurinmu ke tsallakewa, suna ɗauko hujjar da ta dace da kadada goma su ɗora wa fili mai taku goma.

Su ma masu fartanya suna da inda suka gaza. Cewa "a duƙa kawai" abu ne mai sauƙi a bakin mai lafiya. Gwauruwa mai shekara sittin da jiji ya cinye mata lambu, in ka ce mata ta ci gaba da sara, ba ka taimake ta ba, ka ƙara mata aiki ne. Kirarin da ake yi wa noma na duƙe tsohon ciniki gaskiya ne, amma ba ya maganin ciwon ƙugu.

Abin da gardamar ke mantawa

Ɓangarorin biyu suna magana ne a kan yadda za a kashe ciyawa bayan ta fito. Tsofaffin masu lambu na fadama sun fi mai da hankali kan yadda za a hana ta fitowa, kuma a nan ne mafi yawan sauƙin yake.

Dabara ta farko ita ce yaudarar ciyawa. Ka gyara fangalinka, ka ba shi ruwa kamar ka yi shuka, ka bar shi kwana goma ko mako biyu. Irin da ke sama-sama duk zai tsira. Sai ka bi da fartanya ka kankare shi sama-sama, kada ka zurfafa don kada ka tono wani sabo, sannan ka yi shukarka ko dashenka. Amfaninka zai tashi a fili mai tsabta a daidai makonnin da ya fi buƙatar haka.

Ta biyu ita ce rufe ƙasa. Ƙaramar ciyawa ba ta rayuwa babu haske. Buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen darbejiya ko busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba, in aka shimfiɗa su da kaurin yatsu uku ko huɗu tsakanin shuke-shuke, suna danne mafi yawan masu zuwa ta iri. Ƙari a kan haka suna riƙe danshi, a rage yawan ban ruwa da rani, in sun ruɓe kuma su zama taki. Sai dai a ɗan janye su daga gindin shuka, a kuma sa ido saboda gara. Ganyen kabewa, dankali da wake ma in sun baje suna yin wannan aiki.

Ta uku ita ce lura da taki. Kashin shanu da na awaki ɗanye cike yake da irin ciyawar da dabbar ta ci. Mutum da hannunsa yake kai wa lambunsa ciyawa a buhu. In aka tara takin aka jiƙa shi, ana juyawa har ya yi zafi ya ruɓe, yawancin irin zai mutu.

Ta huɗu ta shafi jiji da kiri-kiri. Rana ce maganinsu. A tona filin da zurfi a tsakiyar bazara, watan Maris ko Afrilu, a tsince ƙwallayen da saiwoyin da ake gani, sauran a bar su a sama zafin rana ya soya su, bayan kwanaki a sake juyawa. Ƙwallon jiji in ya bushe ƙayau ba ya tashi. Ba za a gama da shi a shekara ɗaya ba, amma zai ragu sosai.

Ta biyar kuwa ita ce mafi arha: kada a bar ko ɗaya ta yi fure, har waɗanda ke jikin katanga da bakin hanya. Minti goma sha biyar kowace safiya ko bayan La'asar, lokacin da ciyawa ba ta wuce tsawon farce ba, ya fi yini guda cur ana fama da wadda ta kai gwiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukunci

In aka ɗora hujjojin a ma'auni, babbar hujjar masu feshi ita ce ƙarancin lokaci da hannu. Wannan hujja tana da nauyi sosai a babbar gona, amma nauyinta yana raguwa yadda fili ke ƙanƙancewa. Hatsarin maganin kuwa akasin haka yake: yadda fili ya ƙara kusantar ɗaki da rijiya da murhu, haka hatsarin ke ƙaruwa. Lambun gida shi ne wurin da amfanin feshi ya fi ƙanƙanta, hatsarinsa kuma ya fi girma. Saboda haka a ganina masu fartanya ne ke da rinjaye, da sharaɗin su haɗa ta da rufe ƙasa da sauran dabarun rigakafi, don kada aikin ya zama azaba.

Wuri ɗaya na yarda masu feshi su ci: sabon fili da tofa, kiri-kiri ko jiji suka mamaye, tun ba a shuka komai ba. A nan ana iya yin gilifoset sau ɗaya, lokacin da ciyawar take kore tana girma, da safe iska ba ta tashi ba kuma babu alamar hadari, domin yana buƙatar sa'o'i kafin ruwa ya taɓa shi. A sayi mai lambar rajistar NAFDAC a cikin kwalbarsa ta asali, a sa wanda ya iya karatu ya karanta umarnin, a auna yadda aka rubuta. Babba ne zai yi feshin, da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci da baki, ya yi wanka da sabulu da ya gama. A killace yara da dabbobi, a nisanci rijiya, abin da ya rage a kulle shi nesa da ɗakin kwana da na girki, kwalbar kuma a huda ta don kada wani ya mai da ita ta zuba ruwa ko mai. Da zarar an yi shuka, injin feshin ciyawa ya gama aikinsa a wannan lambu.

Kira na ga malaman gona da gidajen rediyo shi ne su riƙa yin wannan bayani da Hausa tun kafin faɗuwar damina, hukuma kuma ta matsa wa kamfanoni su rubuta gargaɗi da harshen da masu saye ke ji, ta bi kasuwanni ta tabbatar abin da ta haramta ya bar kan tebur. Kai kuma mai lambu, kafin ka miƙa kuɗi a tsiyaya maka magani a robar lemo, ka tsaya ka duba wace irin ciyawa ce ke damunka, ka auna faɗin filinka, ka kuma tuna cewa abin da ya fito daga lambun nan iyalinka ne za su ci.